Ƙaguwar tangaram: halittar da 'yan ci-rani ke takawa ba su sani ba

Matashin Ɗan Kassari ko Tibiri da ci-rani ya kai Kwatano, Lome ko Akara, in ya ɗaga dutse a bakin teku bayan ruwa ya janye, zai iya ganin wata 'yar halitta shimfiɗaɗɗiya da ba ta wuce farcen yatsa ba. Kamarta ɗaya da ƙaguwa, amma masana sun ware ta cikin dangin Porcellanidae tun 1825.

Ƙirga ƙafafu ne ke raba gardama. Ƙaguwar kogin Kwara tana tafiya da ƙafafu 8, ita kuwa wannan 6 ake gani, sauran biyun ƙanana ne a naɗe. Tana kuma da dogayen zare biyu a gefen idanu. In aka kama ta, sai ta yar da hannunta ta tsere, daga baya wani ya tsiro. Saurin karyewar nan ne ya sa aka kwatanta ta da tangaram.

An gano nau'o'inta fiye da 270. Ɗaya, Petrolisthes armatus, yana gaɓar Afirka ta Yamma, kuma tun shekarun 1990 ya mamaye wuraren da kawa ke taruwa a gaɓar kudu maso gabashin Amurka. Sai an tantance nau'i kafin a san wane ne ɗan gida, wane ne baƙon da ya zo cin wuri.