Ko Kun Sani?

Ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa idan ta firgita, wadda ake fitarwa daga Gana da Togo da Binin zuwa Amurka da Turai domin kiwo a gidaje, idan sakacin mai ita ya ramar da ita har ƙashin bayanta ya fito fili, babban abin da ake yi mata tsoro shi ne ƙoshi na farat ɗaya. Dalili kuwa, Allah cikin hikimarsa ya halicce ta da juriyar watanni ba ci, kuma a tsawon wannan mudda hanjinta yakan tsuke, ta yadda in aka ɗora mata ƙaton ɓera, tana iya amayar da shi, rauninta ya daɗu. Saboda haka masu jinyarta sukan fara da ruwan sha da ɗumi, misalin digiri 31 a gefe ɗaya na akwatinta, domin ba ta narkar da abinci cikin sanyi, sa'an nan su bi ta da ƙananan ɓeraye, tsakani kamar mako guda. Murmurewarta takan ɗauki watanni.