Kumburin Haƙori: Yadda Likita Ke Gane Mai Hatsari

Idan aka kawo mutum asibiti fuskarsa ta kumbura saboda ciwon haƙori, abin da dangi sukan fara tambaya shi ne, "Likita, zai tashi kuwa?" Rai a hannun Ubangiji yake, mun sani. Amma akwai alamun da likita yakan duba, ya kamata mu ma mu san su tun daga gida.

Da fari yakan nemi sanin wane haƙori ne. Haƙoran ƙasa biyu na can ƙurya su ne suka fi ba shi tsoro, gama saiwarsu ta nutse ƙasa da naman da ke shimfiɗe a ƙarƙashin harshe. In mugunya ta taru a nan, sai ta bi ƙarƙashin haɓa ta gangara wuya. Wani likitan Jamus mai suna Wilhelm von Ludwig ya bayyana wannan ciwo a shekara ta 1836, har wa yau kuwa da sunansa ake kiransa. Kumburin yakan kama gefe biyu, ya yi tauri kamar katako, ya tura harshe sama da baya har ya toshe hanyar numfashi. Kafin fenisilin ya shiga asibitoci a shekarun 1940, fiye da rabin masu wannan ciwo sukan mutu. Yanzu, inda aka sami kulawa sosai, masu mutuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Sa'an nan likita zai ce wa mara lafiya ya buɗe baki. In yatsa biyu ba su shiga tsakanin haƙoransa ba, ciwon ya kai naman muƙamuƙi ke nan. In ba ya iya haɗiye miyau, ko muryarsa ta sāke, ko ya ƙi kwanciya rigingine don numfashi, to, wannan ba ya jiran gari ya waye. Wani lokaci sai an huda maƙogwaro an sa bututu kafin a taɓa haƙorin. Haƙoran sama kuma, kumburinsu yakan nufi ido. In ido ya rufe, ana tsoron kada cutar ta wuce cikin kai.

Jikin mutumin ma abin dubawa ne. Mai ciwon sukari, da mace mai ciki, da tsoho, da mai ƙanjamau, sun fi daɗewa a gado. Sau da yawa ma a ranar ne ake gano mutum yana da sukari bai sani ba. Awon jini yakan nuna yadda cutar ta yi ƙarfi, a kuma maimaita shi a ga ko magani yana ci.

Amma a ganinmu, babbar tambaya ita ce, "Kwana nawa ke nan?" A nan ne mu iyali muke da hannu. Mukan ɓata mako guda muna gasa kumatu da ruwan zafi, muna sa kanumfari, muna sayen kafso ɗaya-ɗaya a kemis. Zafi ya lafa, mu ce an warke, alhali mugunya tana nan tana cin hanya. Waɗansu kuma sun ji an ce ba a cire haƙori sai kumburi ya saɓe. Likitoci ba su yarda da wannan ba: ƙwaya da allura kaɗai ba sa kwashe mugunyar da ta taru, sai an tsaga an fitar da ita, an kuma cire haƙorin da ya kawo ta.

Saboda haka in 'yan zumuntar mata ko dattawan ikkilisiya suka je gaishe da mai irin wannan kumburi, bayan addu'a su miƙa masa kofin ruwa. In ya kasa haɗiyewa, a nemi mota nan take.