Idan Jini Ya Yi Kauri: Nasiha Ga Masu Amfani Da Maganin Testosteron

Duk wanda ya taɓa jinya a asibitocinmu, ko ya raka mai juna biyu awo, ko ya kwana a gaban yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kayar, ya san irin fargabar da ke sauka a zuciya idan aka fito daga ɗakin gwaji aka ce jini ya yi ƙasa. Wannan ne ya sa ya zama tamkar ijma'i a wurin jama'a cewa yawan jini alheri ne tsantsa, har za ka ga lafiyayyen mutum yana shan maganin ƙarin jini ba tare da wani dalili ba. Amma ma'abota ilmin likitanci sun tabbatar cewa Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanya wa jini mizani kamar yadda Ya sanya wa sauran halitta, kuma ƙetare haddi ta sama yana da tasa illar kamar yadda gazawa ta ƙasa take da tata. Daga cikin waɗanda wannan mas'ala ta shafa ƙwarai akwai maza masu amfani da maganin testosteron.

Shi testosteron wani sinadari ne da maraina ke samarwa, wanda a kansa ne siffofin mazantaka suka dogara, kamar kaurin murya, da fitowar gemu, da ƙarfin tsoka da ƙashi, da sha'awar iyali. A shekarar 1935 ne masana a birnin Amsterdam na ƙasar Holan suka fara ware shi, kuma a cikin shekarar Adolf Butenandt da Leopold Ruzicka suka gano hanyar harhaɗa shi a ɗakin bincike. Tun daga lokacin likitoci ke ba da shi ga wanda gwaji ya nuna jikinsa ya gaza samar da isasshe, ko dai ta allura irin Sustanon da Nebido, ko ta man shafawa. Sai dai bayan waɗannan masu lalura akwai samari masu ɗaga ƙarfe da ke neman ƙirar jiki, da magidanta masu neman ƙarin kuzari, waɗanda ke sayensa a kemis ba da izinin likita ba, kuma su ne suka fi kusa da haɗari, domin babu mai duba musu jini.

Abin da ake aunawa iri biyu ne. Na farko shi ne hematokirit, wanda a ɗakunan gwajinmu aka fi sani da PCV, wato kason da jajayen ƙwayoyin jini suka ɗauka a cikin jimillar jinin, sauran kuwa galibinsa ruwa ne. A jikin namiji baligi mai lafiya yakan tsaya tsakanin kashi 41 zuwa 50 cikin 100. Na biyu shi ne hemogulobin, wato jan sinadarin da ke cikin ƙwayoyin, mai ɗaukar iskar numfashi daga huhu zuwa gaɓoɓi, wanda haddinsa ga namiji ya kama daga giram 13.5 zuwa 17.5 a kowace desilita. Su biyun tare suke hawa, tare suke sauka. Ya kamata kuma a rarrabe wannan da hawan jini, domin shi hawan jini magana ce ta ƙarfin bugawar jini a jikin jijiya, wannan kuwa magana ce ta kaurinsa, ko da yake sukan haɗu a jikin mutum guda.

Yadda testosteron ke ƙara jini kuwa abu ne mai ban sha'awa ga mai tunani a kan hikimar halitta, domin ta ƙofa biyu yake shiga lokaci guda: yana zaburar da ƙoda ta ƙara fitar da sinadarin EPO, wanda shi ne manzon da ke kai wa ɓargo umarnin ƙera jajayen ƙwayoyi, sa'an nan yana danne wani sinadari na hanta mai suna hefsidin, wanda aikinsa shi ne taƙaita sinadarin ƙarfen da hanji ke tsotsa daga abinci da wanda ma'ajiyar jiki ke saki, ta yadda umarni zai isa ga ɓargo a daidai lokacin da kayan aiki suka wadata. Wannan ne sababin da ya sa tun asali jinin maza ya fi na mata yawa. Hawan hematokirit ɗin yakan bayyana cikin watanni uku na farko, ya ci gaba har wajen wata tara zuwa shekara, kuma bincike ya nuna cewa yana ƙaruwa gwargwadon yawan maganin, yana kuma fin tsanani ga dattawa bisa samari, da ga masu allura mai gajeren zango bisa masu shafawa.

Illar da ake gudu a fili take. Kamar yadda kunu idan ya yi kauri ba ya bin ludayi da sauƙi, haka jini idan ƙwayoyinsa suka rinjayi ruwansa yakan yi nauyin tafiya a ƙananan jijiyoyi, zuciya ta ƙara wahala wajen tura shi, tsoron daskarewarsa kuma ya ƙaru, alhali gudan jini guda ya isa ya toshe jijiyar ƙafa, ko ta huhu, ko ta zuciya, ko ta ƙwaƙwalwa har ɓarin jiki ya shanye. Babban binciken da aka yi a Amurka mai suna TRAVERSE, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2023 bayan an bibiyi maza fiye da 5,000 masu shekara 45 zuwa 80, ya kwantar da hankali ta wata fuska, domin bai ga ƙaruwar bugun zuciya ko shanyewar jiki ba. Amma wajibi ne a lura cewa man shafawa aka ba su, ana kuma auna jininsu a kai a kai ana rage magani idan ya haura, kuma duk da wannan kiyayewa an sami ƙarin toshewar jijiyar huhu a cikinsu. Saboda haka binciken hujja ce ga mai amfani da magani bisa ƙa'ida, wanda ke yi wa kansa allura a ɗaki kuwa ba shi da rabo a cikinta.

Ƙa'idar da ƙungiyar Endocrine Society ta Amurka ta shimfiɗa a 2018 ita ce a auna hematokirit kafin a fara magani, a sake aunawa bayan wata uku zuwa shida, daga nan kuma sau ɗaya kowace shekara. Wanda jininsa ya riga ya haura kashi 48, ko kashi 50 ga mazauna tuddai masu tsawo, ba a gaggauta fara masa ba sai an binciki dalili. Wanda kuwa yake kan magani ya wuce kashi 54, to, a dakatar har jinin ya sauko, a bincike shi, sa'an nan a koma da abin da bai kai na da ba. Akwai saɓani tsakanin likitoci game da abin da ke ƙasa da haka, domin da yawansu sukan fara ɗaukar mataki tun daga kashi 52.

Idan sakamako ya fito da yawa, matakin farko shi ne tabbatar da ingancin awon, domin mutumin da ya wuni cikin zafin bazara yana gumi, ko mai azumin da aka ɗebi jininsa da la'asar, ko mai shan maganin sa fitsari, ruwan jininsa ne ya ragu, ƙwayoyin kuwa suna nan yadda suke, kuma maimaita gwajin da safe bayan an sha ruwa isasshe yakan warware shubuhar. Amma kada a ɗauka shan ruwa magani ne ga wanda ƙwayoyinsa suka yawaita da gaske. Mataki na biyu shi ne neman abokan tarayya a cikin laifin, waɗanda mafi shahararsu su ne shan taba da shisha, da ciwon huhu mai daɗewa, da zama a wuri mai tudu irin Jos, da kuma ɗaukewar numfashi cikin barci, wadda alamarta ita ce minshari mai ƙarfi da yawan gyangyaɗin rana, musamman ga masu ƙiba; duk waɗannan suna rage iskar da ke isa ga jini, sai ƙoda ta nemi ƙarin ƙwayoyi. Idan kuwa an daina magani jinin ya ƙi sauka, likita zai nemi gwajin JAK2, domin kore wani ciwo na ɓargo da ba ruwansa da testosteron.

Asalin gyara yana ga maganin kansa. Likita yakan rage yawansa, ko ya raba allurar mako biyu ta koma rabi-rabi kowane mako domin kada sinadarin ya yi tashin gwauron zabo bayan kowace allura, ko ya mayar da majiyyaci kan man shafawa, ko ya dakatar na ɗan lokaci. A nan ana bukatar haƙuri, domin jar ƙwayar jini tana rayuwa kimanin kwana 120, don haka sai an yi makonni, wani lokaci watanni, kafin a ga sauyi a takardar gwaji.

Ɗibar jini kuwa, ko a asibiti ko ta hanyar ba da gudummawa, tana da gurbinta idan awo ya yi nisa ko alamomi sun bayyana, domin leda guda, wato kimanin mililita 450, takan sauke hematokirit da wajen kashi 3. Sai dai wanda ya mayar da ita al'ada alhali bai taɓa yawan maganinsa ba, yana yanke reshe ne ya bar saiwa, domin ɓargo zai mayar da abin da aka ɗiba. Ga shi kuma kowace leda tana tafiya da miligiram 200 zuwa 250 na ƙarfe, har ma'ajiyar jiki ta ƙare, mutum ya koma yana fama da kasalar da ya nemi magani dominta, shi ya sa ake auna feritin, wato ma'aunin ƙarfen da jiki ya ajiye, ga mai yawan ɗiba. Amana ce kuma a gaya wa ma'aikatan bankin jini irin maganin da ake amfani da shi. Amma ƙaho, duk da matsayinsa a sunna da al'ada, jinin da wanzami ke fitarwa kaɗan ne kuma ba a auna shi, don haka ba ya tsayawa a madadin wannan. Haka nan a nisanci maganin ƙarin jini, kada kuma a fara shan asfirin sai da umarnin likita.

Mafi yawan masu wannan matsala ba sa jin komai, waɗansu kuma sukan yi ciwon kai, da jiri, da dishi-dishin gani, da jan ido. Amma ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi farat ɗaya, ko kumburin ƙafa guda mai zafi, ko karkacewar baki da nauyin harshe da mutuwar hannu, waɗannan ba a kwana da su a gida.

Saboda haka, ya kai mai karatu, idan kana amfani da wannan magani, ko ɗanka ko ƙanenka yana yi, to, ka sani lafiya amana ce da za a tambaye ka a kanta, kuma gwajin PCV yana daga cikin mafi araha a kowane asibiti. Ka je a auna ka a wannan wata, ka adana sakamakon, ka kai wa likita tare da kwalbar maganin da kake amfani da shi, kada kunya ta sa ka ɓoye masa komai.