Ciwon A-Kori-Kura Da Maganinsa

A kusan kowane ƙauye na kan hanyar mota akwai a-kori-kura, watau ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya. Ita ke kai gero da dawa kasuwa. Ita ke kwaso taki. In naƙuda ta yi wa mace tsanani da dare, ita a ke tayarwa a kai ta asibiti. Waɗansu tsofaffin Peugeot ne, 404 ko 504. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, shi ya sa irinsu suka yi yawa a ƙasarmu. Waɗansu kuwa Toyota Hilux ne, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968. Sunansu dabam dabam, amma ciwonsu kusan iri ɗaya ne.

Mutum ya kan tara kuɗin noman shekaru kafin ya sayi mota ɗaya. Sa'an nan ya danƙa wa direba, bai ƙara leƙa ta ba sai ran da aka ce inji ya buga. Mu dai ba mu ga hikimar wannan ba. Mai doki ya kan duba dokinsa kowace safiya, ko da yana da ɗan barga. Mota ma tana nuna alamar ciwo tun kafin ta kwanta, kuma duk wanda ya iya haruffa zai iya karanta alamun.

Babban abin da ke kashe inji shi ne zafi. Mai yana ƙonewa a cikin inji, ƙarfe ya yi zafi ƙwarai. Domin haka aka yi wa ruwa hanyoyi a cikin ƙarfen. Ruwa ya zagaya ya kwaso zafin, ya kai shi lagireto a gaban mota, fanka ta jawo iska ta huce shi, ya koma. Famfon ruwa ne ke tura shi. A tsofaffin motoci, bel guda ne ke juya famfon da fanka, shi a ke kira fambel.

A gaban direba akwai wani ɗan agogo mai allura. A gefe ɗaya an rubuta C, watau sanyi. A ɗaya gefen an rubuta H, watau zafi. Waɗansu motoci ba su da haruffa, sai jan launi a ƙarshe. Wurin zaman allura shi ne tsakiya. In kun ga ta nufi H, ku ce wa direba ya sauka gefen hanya ya kashe inji. Kada ku yarda da zancen "bari mu ƙarasa, ga gari can." Tafiyar minti kaɗan da zafi tana iya lanƙwasa kan inji, kuma gyaransa sai ya ci kuɗin buhunan hatsi masu yawa.

Ku buɗe bonet, ku nemi inuwa ku zauna, aƙalla minti 30. Kada kowa ya taɓa murfin lagireto. Ga dalili. Ruwa a tukunya ya kan tafasa in zafinsa ya kai awo 100. Amma murfin lagireto yana danne ruwan, har ya kai wajen awo 120 bai tafasa ba. Da an murɗe murfin sai ya tafasa gaba ɗaya, ya yi tsiri ya watsu a fuska da ƙirji. Yaran mota da yawa suna ɗauke da tabon wannan. In inji ya huce, ku sa tsumma mai kauri a kan murfin, ku murɗa kaɗan, ku bari iska ta fita, sa'an nan ku cire.

Kada kuma a kwara ruwan sanyi a inji mai zafi. Matan gida sun san abin da ke samun tukunyar ƙasa in an sauke ta daga wuta an zuba mata ruwan randa. Ƙarfe ma yana tsagewa haka.

To, an ƙara ruwa, amma ina na farko ya tafi? Ku duba tiyo biyu na roba, na sama da na ƙasa, da ke haɗa lagireto da inji. In ɗaya ya huje, a yanko robar tsohon tub a naɗe wurin tam, ta isa ta kai ku gari. Ku danna fambel da babban yatsa. Ya kamata ya lotsa kamar faɗin yatsa ɗaya. In ya fi haka ya yi sako-sako, shi ne ke kuka "ƙiiii" da safe. Fambel ba shi da tsada, ku riƙa ajiye sabo a mota. Ku leƙa fuskar lagireto kuma. Da kaka, ƙaiƙayi da ciyawa da fara su kan toshe ƙananan ramukanta, iska ta kasa wucewa. A wanke ta da ruwa daga baya zuwa gaba. Ruwan waɗansu rijiyoyi yana barin farin ɓawo a ciki, irin na gindin butar shayi. Ruwan lagireto mai launi da a ke sayarwa a galan ya fi.

Lodi ma yana kawo zafi. Yawancin motocin nan an yi su ne su ɗauki kamar tan ɗaya, watau kilo 1,000, buhu 10 ke nan mai kilo 100. Mu kuwa mu kan ga an ɗora 20, mutane kuma sun hau bisa.

Bayan ruwa sai baƙin mai. Da safe, mota tana tsaye a wuri mai baje, a zaro sandar awon mai, a goge, a mayar, a sake zarowa. Akwai zane biyu a bakinta, mai ya tsaya tsakaninsu. In ya koma launin shayi da madara, ruwa ya shiga, gasket ya ƙone, wannan aikin makaniki ne. In kuna tafiya jar fitila mai siffar buta ta kama a gaban direba, a kashe inji nan take.

Wani lokaci kuma mota ta ƙi tashi. Ku kasa kunne. In an murɗa makulli aka ji "ƙyas" kaɗai, fitilu kuma suka dushe, batir ne. Batir yana da ɗaki 6, ƙarfinsa bolt 12. Yana da kai biyu, ɗaya da alamar +, ɗaya da alamar −. Sau da yawa batir lafiyarsa lau, wani farin gari ne ya taru a kawunan ya hana wuta wucewa. Ku fara kwance mai alamar −, domin shi ne a haɗe da jikin mota. In kun fara da mai +, sifana ta taɓa jikin mota, sai tartsatsi ya tashi. A wanke kawunan da ruwan zafi, a kankare, a ɗaure tam, mai − a ƙarshe, a shafa giris kaɗan. Kada a matso da taba ko ashana, iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta. In har yanzu ba ta tashi ba, a tura. Direba ya sa giya ta biyu, ya taka kuloci, in ta ɗauki gudu ya saki. Motar da ba ta da kuloci ba a tayar da ita da turi.

In inji yana juyawa amma bai kama ba, a fara leƙa tanki, gama agogon mai na tsohuwar mota maƙaryaci ne. Man da a ke saye a kwalba ko jarka a bakin hanya ya kan zo da ruwa ko yashi, ya toshe filta, mota ta riƙa shiɗewa a hawa. A sake filta. Motar fetur tana da fulogi. A kwance shi, in ya yi baƙin toka a goge. Da damina, in an ratsa ruwa, a goge wayoyinsa su bushe. Motar man gas dabam ta ke. In tankinta ya ƙafe, iska ta kan shiga hanyar mai. Yawancinsu suna da ɗan famfon hannu a kan filta, a yi ta dannawa har ya yi tauri. Sababbin motoci kuwa kwamfuta ke raba musu mai. In fitila mai siffar inji ta kama, kada a yi ta kwance-kwance, a kai wa mai na'urar dubawa.

Da hunturu ƙura ta kan cika filtar iska, mota ta yi baƙin hayaƙi ta sha mai. A cire a kaɗe, a mayar. Kada a yi tafiya babu ita.

In taya ta yi faci, a ja birkin hannu, a sa weji. A sassauta noti tun mota tana ƙasa. In wurin yashi ne a sa katako ƙarƙashin jak. Kada ɗan kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A kafa jar alama can baya domin masu zuwa, in kuwa ganye da duwatsu aka jera, a kwashe su kafin a tashi.

Birki ne ba mu so mai mota ya yi wa dabara. In an taka ya tafi ƙasa lugub, a duba man birki a ɗan gwangwaninsa. In ya ragu, yana yoyo ne a wani wuri. Ba a ƙara masa ruwa, ko ruwan sabulu, ko baƙin mai. A sauke mutane, a aika a kirawo makaniki ya zo inda motar ta ke.