Yadda kafintoci za su haɗa wutar injin huda katako, su kuma kare kansu daga haɗarinsa

Ƙofa da taga da gadon katako suna samun ƙwari ne daga mahaɗarsu, wato inda ake fafe rami mai kusurwa huɗu a jikin katako, a cusa harshen wani katakon a ciki. A da, kafinta kan fafe ramin da cizal da guduma. Yanzu akwai injin da ke gama shi cikin daƙiƙoƙi, wanda wasu 'yan'uwa biyu, Robert da Ralph Greenlee, suka ƙirƙira a Amurka a 1874.

Injin na amfani da cizal mai rami a tsakiya, da ƙarfen huda mai murɗi da ke juyawa a cikinsa. Ƙarfen yana cin katakon yana fitar da dussa, cizal kuma yana daidaita kusurwoyi idan aka danna hannun injin ƙasa. Ga kafintocin unguwar Bolewa da sauran sassan Potiskum a Jihar Yobe, inda ake aiki da wutar kamfanin YEDC na Yola wani lokaci, wani lokaci kuma da janareto, babban haɗarin injin yakan faro ne daga yadda aka haɗa masa wuta.

Karanta farantin moto kafin saye

Kowane moto na da ɗan faranti da ke nuna irin wutar da yake buƙata. Wutar gidaje a Najeriya bolt 230 ce a layi ɗaya, kimanin bolt 400 kuma a layi uku. Ƙananan injinan da aka ƙera don kasuwar Amurka na aiki ne da bolt 110 zuwa 120, saboda haka jona su kai tsaye zai ƙona su nan take. Ko da an rage ƙarfin wutar da taransifoma, wutarmu na bugawa sau 50 a daƙiƙa, tasu sau 60, abin da ke rage saurin moton da kashi ɗaya cikin shida, ya kuma sa shi zafi.

Injin layi uku na da nasa sharuɗɗan. Idan layi ɗaya ya ɗauke yana cikin aiki, moton zai ci gaba da juyawa yana jan wuta fiye da kima har ya ƙone, sai fa idan an sa masa na'urar da ke tsayar da shi. Idan kuma aka musanya layi biyu wajen haɗi, zai juya a baibai, ƙarfen huda ya daina ci.

Abubuwa huɗu da ba a wasa da su

Na farko, makunni mai sakin kansa. Idan wuta ta ɗauke, wannan makunni yana kashe injin, kuma ba zai sake tashi ba sai an danna shi. Da makunni irin na bango, wuta na iya dawowa a daidai lokacin da yaron shago ke share dussa da yatsunsa a ƙarƙashin cizal.

Na biyu, wayar ƙasa. Jikin injin ƙarfe ne, kuma idan rufin wata waya ya sale a ciki, jikin mai aiki ne zai zama hanyar da wutar za ta bi. A haɗa injin da sandar da aka kafa a ƙasa, ta waya mai launin kore da rawaya. Busasshiyar ƙasa ba ta ɗaukar wuta sosai, don haka a yanki irin Yobe ya fi dacewa a gwada sandar da rani, lokacin da ƙasa ta fi bushewa.

Na uku, bireka mai gano yoyon wuta, wadda ke yanke layi da zarar yoyon ya kai miliamfiya 30. Fis yana kare waya ne daga ƙonewa, ita kuwa wannan bireka rai take karewa. Injin ya samu layinsa na kansa, da wayar tagulla mai kauri daidai da ƙarfinsa. Cusa tsirarar waya a soket a tokare da tsinken ashana na jawo tartsatsi, ga shi kuwa shagon cike yake da busasshiyar dussa.

Na huɗu, makunnin sauya layi tsakanin wutar kamfani da janareto. Idan babu shi, janareto na iya tura wuta cikin wayoyin unguwa, ya hallaka ma'aikacin da ke gyara a kan turke. Moto kan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai a lokacin tashi, saboda haka janareton da ƙarfinsa ya yi daidai da na moton kawai ba zai wadatar ba. A kuma ajiye shi a waje, domin hayaƙinsa na kisa a rufaffen wuri.

Lokacin aiki

A cire fulogi kafin a taɓa cizal. A bar ƙarfen huda ya ɗan leƙo ƙasa da bakin cizal, kamar kaurin kwabo, domin dussa ta samu hanyar fita. Idan suka matse da juna, za su yi zafi har bakin ya koma shuɗi ko ya tsage. A cire makullin ɗaure ƙarfen kafin a kunna. A matse katakon da mamatsi, domin cizal kan ɗaga shi sama idan ana zaro shi. Rami mai zurfi kuma a ci shi kaɗan-kaɗan.

Babbar riga da faffaɗan hannun riga da jelar rawani da safar hannu duk suna iya naɗewa a ƙarfen da ke juyawa. A sa gilashin kare ido da takunkumi, domin tun 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Potiskum kan haura digiri 40, a riƙa share ƙofofin iskar moton, a kuma ba shi hutu.

Idan wuta ta kama wani, kada a taɓa shi da hannu. A kashe babban makunni, ko a raba shi da injin da busasshen katako, sannan a garzaya da shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi, domin illar wuta ga zuciya na iya bayyana daga baya.

Abin da doka ta tanada

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan injin da ke da haɗari, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu haɗa wuta takardar shaidar ƙwarewa, kuma mai shago na da damar neman ganin takardar kafin ya ba da aiki.

Yawancin masu tsayawa gaban injin matasa ne da iyayensu suka damƙa wa maigidan shago amana. Kuɗin makunni da bireka da sandar ƙasa bai kai na sabon moto ba, balle na jinyar hannun da ya rasa yatsu. Wajibi ne maigida ya tanade su, ya kuma tabbatar kowane yaro ya san inda ake kashe wutar shagon kafin a koya masa kunna injin.