Fashin Teku: Gaskiya ko Jita-jita?

Da an ambaci fashin teku sai a ce ai matsalar Somaliya ce. A 2011 maganar na da tushe, domin a shekarar an danganta hare-hare 237 ga 'yan fashin ƙasar. Amma a 2020, cikin ma'aikatan jiragen ruwa 135 da aka yi garkuwa da su a duniya, 130 a Mashigin Tekun Gini aka sace su, ruwan da Legas da Kwatano da Lome suke bakinsa.

Wasu kuma na cewa 'yan fashin masunta ne da talauci ya kai su bango. Akwai ƙamshin gaskiya a nan: bayan rushewar gwamnatin Somaliya a 1991, jiragen ƙasashen waje sun yi ta kwasar kifin ruwanta ba mai tsawata musu. Sai dai daga baya abin ya koma sana'a mai iyayen gida da masu zuba jari. Wani rahoton Bankin Duniya ya ƙiyasta kuɗin fansar da aka biya daga 2005 zuwa 2012 tsakanin dala miliyan 339 da 413, kuma masu zuba jarin ne suka kwashi kaso mafi tsoka, ba yaran da suka hau kwalekwale da bindiga ba.

Jita-jitar da ta fi damuna ita ce wai mu mutanen tudu babu ruwanmu. Kwantenar da ake saukewa a Kantin Kwari ko a Maraɗi ta ina ta biyo? Idan ruwa ya yi ƙaurin suna, kuɗin inshora ya tashi, mai jirgi ya ɗauki masu gadi da jirgin rakiya, duk a ɗora wa kaya. Ɗan kasuwa ba zai biya daga aljihunsa ba, mai sayen atamfa da magani ne zai biya. Wani bincike na 2021 ya nuna 'yan fashin Mashigin Tekun Gini na samun kimanin dala miliyan 5 a shekara, asarar da suke jawo wa ƙasashen yankin kuwa ta kusa dala biliyan 2.

To, an gama da su? Hare-hare sun ragu ƙwarai a Mashigin Tekun Gini bayan dokar yaƙi da fashin teku da Nijeriya ta kafa a 2019 da shirinta na tsaron teku mai suna Deep Blue na 2021. Amma a Somaliya ma an ɗauka wuta ta mutu, sai ga shi a Maris na 2024 'yan fashi sun kama jirgin MV Abdullah na Bangaladash da ma'aikatansa 23, suka riƙe su wata guda.