Gano Matsalar Birkin ABS a Tsohuwar Marsandi

Birkin ABS, wanda Bosch da Mercedes-Benz suka fito da shi a 1978, yana hana tayoyi cijewa idan an taka birki da ƙarfi. Idan fitilarsa ta ƙi mutuwa bayan an tayar da mota, tsarin ya daina aiki ke nan, amma birki na yau da kullum yana nan.

Makanike yakan fara da batir, domin ƙarancin wuta kan kunna fitilar. A samfurin W124 da W126, sai ya duba fis ɗin rilen OVP, wato rilen da ke kare tsarin daga wutar da ta yi yawa. Daga nan ya ciro na'urorin auna gudun taya, ya goge garin ƙarfen da ya manne musu, ya gwada wayoyinsu da mita. Famfo da kwamfutar tsarin su ake dubawa a ƙarshe, saboda tsadarsu.